Mabuɗin Ɗakin Famfo

Ɗan kawuna ya yi mini ƙarya a gaban mutane. Ya ce ni ke kashe famfo da hannuna don in hana dabbobin baƙi ruwa, kuma da wannan ƙarya aka karɓe mabuɗin ɗakin famfo daga hannuna. Na sa ta a farko ne don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Ya yi, ya kuma san ya yi.

Amma ba zan bari ya cinye mini labarin duka ba. Zaman da na yi a bakin famfon nan ya fi ƙaryarsa tsawo, ya kuma fi ta daɗi nesa ba kusa ba.

Garinmu yana tsakanin Belbeji da Tenhya, inda gonakin gero ke ƙarewa daji ya ɗauka. Da can rijiya muke sha, mai zurfin da sai raƙumi ke jan wasaki, wato gugan fata, ya yi ta tafiya da igiya har mai jansa ya ƙanƙance a ido. Sai aka zo aka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse. Aka jera pano masu shan rana a kan ƙarafa, aka ɗaga shato a sama don tara ruwa, aka zuba kwamaye na siminti don dabbobi, aka gina wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. A jikin bangon ɗakin aka kafa akwati ruwan toka, bai fi tiren shayi faɗi ba, da ɗan gilashi mai rubutu da ƴar fitila koriya.

Mai gari ya ce ni zan riƙe mabuɗin. Ba don ilimi ba. Na yi lakwal har ajin ƙarshe na ƙaramar makaranta, na faɗi jarrabawa, babana ya ce to, ga gona can tana jira. Faransancina na karanta kwalin magani ne. Amma ina gyaran rediyo da tocila, kuma ba na barin gari da rani. Shi ke nan dalilin.

Wadda ta haɗa akwatin mace ce, ƴar Damagaram, ma'aikaciyar kamfanin da ya yi aikin. Hular aiki a kan mayafi, jakar kayan aiki a kafaɗa. Da na gan ta na ce a raina, to, mun shiga uku. Kafin la'asar na janye maganata, don na ga yadda take fere bakin waya ba ta ko kallon hannunta.

Da ta gama ta kira ni ciki.

"Kawu, me kake tsammani yana cikin akwatin nan?"

Na ce, "Waya da wuta."

"Da wani ɗan abu da bai kai farcen yatsanka ba. A cikinsa akwai sistem, shi ke tafiyar da komi. Ka ga salularka? Ba ta taɓa tsayawa tana tunani ba in ka danna?"

"Kullum. Har zaginta nake."

"Ita an yarda ta makara. Wannan ba a yarda ba. In ruwa ya yi ƙasa a cikin foraj, injin da ke can ƙasa ya ci gaba da juyawa babu ruwa, kafin ka gama naɗa rawani ya ƙone. Saboda haka a wurin wannan, amsar da ta zo a makare ba amsa ba ce."

Ta ce ayyuka ne da yawa a ciki. Akwai mai sauraron zurfin ruwa, akwai mai auna ƙarfin rana, akwai mai jin zafin injin, da mai yin rubutu a gilashi, da mai aika labari Damagaram. Amma kai ɗaya ne gare su duka, dole su yi layi, kuma sistem ɗin shi ne mai raba layin. Kowa da matsayinsa. In mai sauraron ruwa ya ɗaga hannu, sai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa nan take, ko da mai rubutu yana tsakiyar kalma.

Na ce, "Ai wannan mun san shi, Madam. A bakin rijiya, ko raƙuman wa ke sha, in matafiyi ya iso da salkarsa sai a dakata a cika masa tukuna."

Ta yi dariya. "Ni ba haka aka koya mini a lakwal ba, amma shi ne."

Har kare ta ce yana da shi a ciki. Ba kare mai gashi ba, wani ɗan gadi ne da kowane aiki zai riƙa leƙawa yana ce masa ga ni nan. In ɗaya ya yi barci bai leƙo ba, sai karen ya tashi gidan gaba ɗaya a sake farawa. Wannan ya burge ni. Na yi ta tunanin ofisoshin da na sani a Tanut da suke buƙatar irin karen nan.

Na tambaye ta wa ya yi sistem ɗin. Ta ce wani kamfani ne a bayan teku, ba ya ƙera famfo, ba ya ƙera akwati, wannan kaɗai yake yi ya sayar. Masu ƙera motoci su saya, masu na'urorin asibiti su saya, masu akwatin famfo su saya. Izinin sakawa ake saye, lisans ake ce masa, amma ba a ba ka cikinsa.

"Ni kaina ban taɓa ganin cikinsa ba, Kawu. In na haɗa da ordinater, wato kwamfuta, ina iya ƙara masa tsawon jira ko in rage. Zuciyarsa kam a rufe take."

Wannan bai yi mini daɗi ba, kuma har yau bai yi mini ba. Ni duk rediyon da ya shigo hannuna sai na ga hanjinsa. A ce gari guda yana shan ruwa da izinin wani abu da ko mai haɗa shi ba ta iya buɗewa! Na faɗa mata haka. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma ta faɗa wa manyanta.

Abu na ƙarshe da ta gaya mini a bakin mota shi ne wannan: "In ya tsaya saboda ruwa, zai rubuta a gilashi. Kada ka taɓa shi. Jira yake foraj ya tara. In ka kashe ka kunna don ka hanzarta shi, jiran zai soma daga farko."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

To, ga yadda kwanakina suka zama. In na fito daga sallar asuba sai in ɗauki sanda mai tsumma a baki in bi pano ɗaya bayan ɗaya, in share rairayi da kashin tsuntsu. Daga nan in buɗe ɗaki in zauna a bakin ƙofa. Rana ta leƙo, ta taɓa layin pano na farko, ba komi. Ta hau kaɗan. Sai ka ji akwati ya yi ƙas, sai wani guɗa-guɗan gurnani ya taso ta cikin bututu, sai ruwa ya faɗa cikin shato da babu komi a ciki, dum, kamar an buga ganga a sama. Wallahi ban taɓa gajiya da jin wannan ƙara ba. Matata ta ce ina gaishe da akwati kafin in gaishe ta. Na ce shi ba ya tambayata cefane.

Ƴar fitilar nan koriya tana ƙyaftawa a hankali, ba ta sauri, ba ta nawa. In gajimare ya gifta sai gurnanin ya yi ƙasa, ya wuce ya dawo. Ban taɓa kama shi yana gyangyaɗi ba. Ni mutum ne da ya sha jira a rayuwa, jiran mota, jiran likita, jiran mai alkawarin gobe. Zama kusa da abin da ke yin aikinsa a lokacinsa yana sanyaya mini zuciya, ban san yadda zan ƙara bayyana shi ba.

Mata su zo da jarkoki, su tafi. Awakin gari su sauko, shanu su biyo baya. Da hantsi baƙi su iso daga arewa, Buzaye da raƙumansu, Fulani da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho. Akwai itacen aduwa a gefen kwamaye, a nan suke hura gawayi. Ba a taɓa zuba shayi a ƙarƙashin aduwar nan ba a miƙo mini ba. Mai ruwa suke ce mini. Wani ya ajiye mini cuku a bakin ƙofa, wata ta aiko da nono a ƙwarya. Ban taɓa roƙa ba, ban kuma taɓa mayarwa ba, don mayar da kyautar makiyayi zagi ne.

A cikinsu akwai wani tsohon Buzu da muke ce wa Amgar, wato dattijo a bakinsu. Tafin hannunsa kamar bayan kunkuru saboda igiyar rijiya. Ba ya yawan magana. In ya zo sai ya leƙa ɗaki, ya kalli fitilar, ya ce, "Abokinka yana lafiya?" In ce lafiya lau. Shi ke nan hirarmu, kuma ta ishe mu.

Yanzu sai ɗan kawuna. Ɗan ƙanen uwata ne, wato taubashina. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi: tsakanina da shi babu kunya, babu fushi. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa ubangidan da ba ya da ko wando. Yana iya zagina a gaban surukaina, ni in sauke masa hula a tsakiyar kasuwa. Duk wanda ya ji haushi a cikinmu shi ne abin dariya. Na so wannan wasa, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ke sa ni dariya kamarsa.

Dillalin dabbobi ne a kasuwar Belbeji. Makiyayan arewa gidansa suke sauka, ta hannunsa suke sayarwa. Shi ne kuma aka ba shugabancin kwamitin ruwa, don yana da baki.

Wata bazara ruwan sama ya yi jinkiri, tafkuna suka bushe da wuri, dabbobin arewa suka gangaro mana fiye da yadda muka saba. Shato ya daina cika, abin da ya shiga shi ke fita. Da rana ta take, injin na ja da dukan ƙarfinsa, ruwan foraj ya yi ƙasa, akwati ya yi ƙas ya tsaya. Ya rubuta a gilashi da Faransanci cewa ruwa ya ja baya. In ya huta kamar tsawon dafa shayi sai ya tashi da kansa.

Ga inda matsalar take. Tun zamanin rijiya tsarinmu shi ne dabbobin gari su sha da safe, na baƙi su biyo baya. Ba wanda ya taɓa jayayya da wannan. To da safe foraj ya kwana ya tara, rana kuma ba ta yi ƙarfi ba, famfo ba ya tsayawa. Tsayawar kullum a kan layin baƙi take faɗawa. Ka sa kanka a matsayin mutumin da ya kwana biyu a hanya da raƙuma, ya tarar awakin gari sun sha sun ƙoshi, shi kuma da nasa suka sa baki sai ruwa ya ɗauke, ga wani ƙato zaune a bakin ƙofa da mabuɗi a wuya ya naɗe hannu. Ni ma da na yi zargi.

Baƙi suka kai kuka wurin mai masaukinsu, wato taubashina. Shi kuma yana tsoron su sauya dillali.

Ranar kasuwa na je Belbeji sayen batir, na tarar da shi a rumfarsa baƙi sun kewaye shi. Yana ganina ya ɗaga murya.

"Ga shi nan! Ga bawana mai kashe ruwa! Ku ne ba ku san shi ba, in ba ku kawo cuku mai kauri ba sai ya danna muku maɓalli."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce, "Da cuku ke kunna famfo, ai da kai ka fara zama injin, ubangidan yunwa." Aka ƙara dariya. Na tafi ban riƙe komi ba. Amma da na waiwaya na ga Amgar bai yi dariya ba.

Ba a daɗe ba mai gari ya aiko kirana. Na tarar da ƙofar gidansa cike, ƴan kwamiti a gefe, baƙi a gefe, taubashina a tsakiya. Ya maimaita maganar nan kalma da kalma, har da cukun. Na tsaya ina jiran dariyar. Na kalli fuskarsa. Babu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya yake. Akwatin ne ke tsayar da kansa."

Taubashina ya ce, "Akwati yana da ido ne da zai gane raƙumin baƙo?"

Na soma bayani. Na kawo maganar sistem, da mai sauraron ruwa, da layi, da kamfanin bayan teku, har karen na kawo. Raina a ɓace, ina cusa Faransancin da ban iya ba. Da na ambaci kare sai wurin ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Kai, da taubashinka kake wannan kumfar baki? Ba ka da kunya?" Ka ji inda taubashina ya ɗaure ni. In na yi shiru ƙarya ta zauna, in na yi fushi na zama wanda bai san wasa ba. Ya san haka tun kafin ya buɗe baki.

Na ce a kira Madam. Ya ce Damagaram ba bayan gida ba ce, ba za a taso mace daga can saboda gardamar bawa ba.

Mai gari mutumin kirki ne amma ba ya son hayaniya. Ya ce, "Ba shi mabuɗin ya riƙe, mu ga yadda za ta kasance. Ba korarka aka yi ba." Na cire igiyar daga wuyana na ajiye a kan tabarma. Ban miƙa masa a hannu ba.

Na koma rediyo da tocila. Ba zan ce na wahala ba, ina da gero a rumbu, ina da awakina. Da safe in bi layi da su kamar kowa. Abin da ya ci mini rai ba mabuɗin ba ne. In na wuce ta gaban aduwa sai hira ta tsaya. Ana zuba shayi, kofi ya zagaya ya tsallake ni. Amgar ya gan ni ya gyara rawaninsa ya kalli gabas. Mutum ya hana dabba ruwa da bazara, a ƙasarmu babu sunan da ya fi wannan muni. Ɓarawo ma ya fi shi daraja.

Famfo kuwa bai san an sauya mai mabuɗi ba. Rana na takewa ya yi ƙas ya tsaya, a kan layin baƙi, kamar jiya. Na ce to, yau gaskiya za ta fito. Ina! Taubashina ya ce na yi wa akwatin wani abu kafin in tafi. Wasu suka ce asiri, wasu suka ce waya na sauya. Kuma abin ya ba shi gaskiya a idon mutane, don a hannunsa tsayawar ta fi ta da tsawo ƙwarai.

Dalili kuwa, ba ya iya zama ya ga baƙinsa suna jira. Da famfo ya tsaya sai ya ruga ciki ya kashe ya kunna. Ya ɗan saurara, shiru, ya sake kashewa ya kunna. Kowace dannawa jira ya koma farko. Abin da a hannuna shayi ɗaya ne, a hannunsa sai ya kai azahar. Na ji shi da kunnena yana lallashin akwatin: "Haba, yi haƙuri, manyan mutane ne a waje." Kamar yana roƙon ɗan sanda a shinge.

Sau ɗaya na leƙa na ce masa, "Daina taɓa shi, ƙara masa kake."

Ya ce, "Ji mai asiri yana ba da magani! Koma wurin awakinka, bawa."

Na koma wurin awakina.

Wata rana da zafi ya kai inda ya kai, raƙuman Amgar ne a bakin kwami lokacin da ruwa ya ɗauke. Ina nesa, a inuwar katangar shato, ina kallo. Taubashina yana ciki yana ta danne-danne, gumi har gemu. Tsohon ya tashi ya je bakin ƙofa ya daɗe yana kallonsa. Sai na ji ya ce,

"Dillali, wannan rami ne ko ba rami ba?"

"Foraj ne, Amgar."

"A ƙasa yake ɗebo ruwa?"

"A ƙasa."

"To rijiya ce. Mu in wasaki ya soma fitowa da laka, sai mu kwance raƙumi mu zauna. Ba a dukan rijiya. Fito."

"Amgar, bari in ƙara gwada..."

"Fito, na ce. Kawo hannun nan."

Ya kama shi a wuyan hannu da wannan tafin nasa, ya jawo shi waje kamar ɗan akuya, ya tura ƙofar ya rufe, ya zaunar da shi a ƙarƙashin aduwa. Ya sa aka hura gawayi. Taubashina yana ta mutsu-mutsu zai tashi, tsohon ya dafa masa gwiwa. Aka dafa, aka zuba na fari, aka sha. Ana cikin wanke kofuna sai ƙas. Gurnani ya taso. Ruwa ya faɗa shato, dum. Babu kowa a ɗakin, kowa ya ga babu kowa.

Ba wanda ya kalle ni. Na kaɗa awakina na tafi gida. Amma na ci tuwo a ranar da daɗi.

Amgar bai tsaya nan ba, ba mutumin da abu ɗaya ke gamsarwa ba ne. Ya riƙa zuwa da wuri yana zama a bakin ƙofa, shi ne ya zama mai gadin hannun dillali. Ya riƙa duban inuwar sandarsa lokacin da famfo ke tsayawa. Daga baya ya je wurin mai gari da kansa ya roƙi abin da ba a taɓa roƙa ba: a juya layi na kwana ɗaya, baƙi su sha da safe, ƴan gari da rana. An yi ta surutu, amma mai gari ya yarda don kunyar tsufansa.

Ranar da aka juya, raƙuma suka sha har suka juya baya da kansu. Da rana ta take, shanun gari na bakin kwami, cikinsu har da na mai gari da na taubashina, akwati ya yi ƙas ya tsaya. Wata tsohuwa mai jarka ta ce, "Af! Yau kuma mu ne ba mu kawo cuku ba?" Dariyar da aka yi a ranar ta fi ta ƙofar mai gari, kuma ba da ni ake yi ba.

Ina zaune a gefe sai na ga kofi a gabana. Amgar ne ya miƙo da kansa. Bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba sa yi da baki. Ya nuna ɗakin da haɓa ya ce, "Abokinka ya san rijiya." Na ce ya sani. Na sha. Shayin ya yi ɗaci yadda nake so.

Tun daga lokacin ake juya layi da bazara, yau gari gobe baƙi, tsayawar ta riƙa faɗa wa kowa. An kuma shimfiɗa tabarma ta dindindin a ƙarƙashin aduwa, in famfo ya tsaya sai a ce lokacin shayin foraj ya yi. Madam ta zo zagayenta bayan damina, na ba ta labari, ta yi dariya har ta zauna a kan jakarta. Ta ce za ta gaya wa manyanta. Na ce ta ƙara musu da cewa har yanzu ina son ganin hanjin sistem ɗin.

Mabuɗin yana wuyana yanzu da nake rubutun nan, yau ma da safe na share pano, na ji dum ɗina. Yadda ya dawo kowa a gari ya gani. Abin da ba wanda ya gani shi ne abin da ya faru kafin nan, don daga ni sai taubashina, kuma shi na sani ba zai faɗa ba.

Da yammacin ranar da aka juya layi mai gari ya umarce shi ya mayar mini. Ya same ni a zaure na baje cikin wata rediyo a kan tabarma. Ya shigo da murmushinsa na kasuwa, ya jefa mabuɗin a tsakiyar ƴan ƙusoshina.

"Bawana, ga kayanka. Kai ma dai, ashe ba ka san wasa ba? Har ka rame!"

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ture mabuɗin da bayan yatsa har ya taɓa ƙafarsa. Na ce masa:

"Ɗauki abinka. Ba a zaurena ka karɓe shi ba, ba a zaurena za ka mayar ba. Gobe da hantsi, lokacin da baƙinka ke ƙarƙashin aduwa, ka zo ka sa mini shi a hannu, ka gaya musu da bakin da ka faɗi waccan cewa ƙarya ka yi. Kada ka ce kuskure, ka ce ƙarya. Wasa na san shi, da kai na koye shi. Abin da ka faɗa a rumfarka wasa ne, na yi dariya, na rama. Wanda ka faɗa a ƙofar mai gari na duba fuskarka, ba ka yi dariya ba. Ka ɓuya a bayan taubasantaka ka sayar da sunana don kada raƙuma su koma hannun wani dillali. Kai ɗan kawuna ne, wannan ba ni na yi ba, ba kuma ni zan kwance ba. In ka riga ni, ni zan shiga kabarinka in karɓe ka. Ka ci gaba da ce mini bawa, ka zagi kunnena, ka zagi tuwon gidana, zan rama maka har da ƙari, don ban ƙoshi da wasan ba. Amma ruwa, ka fitar da shi daga wasanmu. Ka ji ni? Yanzu ɗaga ƙafarka, ka taka mini ƙusa."